Rabin Shekara Tsakanin Giza da Gidan Hajja Batula

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a bakin titi in na tsaya sayen kayan miya: "Dakta, ya Masar? Kin ga dala? Kin hau raƙumi?" Nakan ce alhamdu lillahi, in yi dariya, in wuce. Ba rowar labari nake yi ba, abin da na gani ne ba ya shiga cikin gaisuwar tsaye. Da ƙawayena suka matsa, sai na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in huta. Amma in faɗa tun yanzu: dala ta tagar mota na hango ta, raƙumi kuma ban hau ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajara. Ina koyar da ilimin ƙananan halittu, irin su bakteriya, a wata jami'a a nan Arewa. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai gwajin PCR, wanda kowa ya ji sunansa lokacin korona, amma da alli a kan allo nake koyar da shi. Gwajin ba ya yiwuwa sai da wani sinadari da ake kira enzayim. Daga Turai ake sayo shi, cikin ƙanƙara yake zuwa, a firiza kuma yake zama. Sau ɗaya tak sashenmu ya samu ya sayo. Aka ɗauke wuta, janareta ya lalace a wannan makon, muka wayi gari firiza tana zubar da ruwa. Ɗaliban wannan shekarar suka gama digiri ba su ga gwajin da idonsu ba, kamar waɗanda suka riga su.

Daga baya na karanta cewa wasu masana sun saki hanyar haɗa wannan enzayim kyauta, ga duk mai so. Ana ɗaukar umarnin haɗa shi, wato ɗan guntun DNA, a saka wa bakteriya marar cutarwa, ita kuma ta riƙa samar maka da shi kamar yadda saniya ke kawo nono. Har ana iya busar da ita a ajiye a kabad, babu ruwanka da firiza. Wani ɗakin bincike a babbar jami'ar da ke Giza, daura da Alƙahira, yana wannan aikin, suka ba ni gurbi na kusan rabin shekara. Maigidana ya ce in je. 'Yarmu Ummi, mai shekara tara, ba ta so tafiyar ba. Ranar tafiya ta shige bayan ƙyaure ta ƙi fitowa. Haka na bar gidan ban ga fuskarta ba.

Motar haya na shiga zuwa Kano. Taya ta yi faci a hanya, muka zauna ƙarƙashin wani darbejiya ana gyara, wata tsohuwa a cikin fasinjoji ta tambaye ni inda na nufa. Da na ce Masar, sai ta ce, "Allah Ya ba da lafiya, 'yar nan." A cikin jirgi na gane abin da ya sa ta faɗi haka. Yawancinmu masu neman magani ne. Matar da ke kusa da ni za ta kai mijinta aikin ƙoda, tun daga Kano har muka sauka hannunta na kan gwiwarsa. Na ji kunyar in ce mata ni bakteriya zan je kiwo, sai na ce karatu.

A filin jirgin Alƙahira aka ce in buɗe akwati. Laifina ne. A ciki akwai wata na'ura da na haɗa da hannuna, na bi zanen da wasu suka saka kyauta a intanet: injin tsohuwar kwamfuta a cikin robar abinci, da wayoyi ja da baƙi sun fito waje. Aikinta ta juya ƙananan kwalabe da gudu har abin da ke cikin ruwa ya kwanta a ƙasa. Ko ni ce ma'aikacin, da na tsare mai ita. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Eh da?" wato mene ne wannan. Na tattaro Larabcin Islamiyya na zuba masa, da wasula da komai. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Ranar na fara sanin cewa Larabcin littafi daban, na titin Masar daban.

Na nemi izini in nuna musu yadda take aiki. Na ɗebi shayin da ke kan teburinsa, mai ganye a ciki, na zuba a 'yan kwalabe biyu, na jona. Sai dai garin sauri ban rufe ɗaya da kyau ba. Na'ura ta ɗauki gudu, shayi ya yi feshi a farar rigarsa. Na ce yau tawa ta ƙare. Ya dubi rigar, ya dubi ɗaya kwalbar da ganyen ya kwanta lif a ƙasanta, ya sake duba fasfo ɗina. "Hagar?" in ji shi, don su haka suke kiran Hajara, wadda ta asalin ma 'yar Masar ce. "Ai ke 'yarmu ce, gida kika dawo. Ma'alish, ya Hagar. Yalla," wato ba komai, in wuce. Ya taya ni rufe akwatin, amma da ya zo kan ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya bar ni na ƙarasa da kaina.

Malam Nura ne ya tarbe ni, ɗan ƙanwar maƙwabciyarmu, wanda ke karatun fiƙihu a can da iyalinsa. Masaukin baƙi na jami'a ya cika, don haka ya samo mini ɗaki a Hayyin Ashir, unguwa mai cunkoso inda 'yan Sudan da sauran baƙin Afirka suka fi yawa. "Anti Dakta, akwai nisa da Giza fa," in ji shi, "amma mai gidan Bahaushiya ce. Za ki samu wanda za ki yi wa magana." Bene ne mai tsawo babu lif. Muka hau muna haki. Wata doguwar tsohuwa cikin laffaya ruwan toka ta buɗe ƙofa, ta kama hannuna da nata biyu, ta ce, "Maraba da 'yar ƙasa. Kin sha tafiya. Yaya mutanen Hausa, suna lafiya?"

Wannan ita ce Hajja Batula. Kakanta ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noma a bakin kogi don ya tara na ci gaba, har Allah Ya karɓi ransa a can. A can aka haifi ubanta, a can aka haife ta. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira. Ɗanta Usman ya tsaya tsaron gida a Omdurman, wayarsa wata rana ta shiga, wata rana shiru. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakannin kakanni, a gauraye da Larabcin Sudan. Wani lokaci ta kira ni 'yata, wani lokaci bitti, duk ma'ana ɗaya. Ƙasar Hausa kuwa ba ta taɓa taka ta ba.

Zuwa aiki tafiya ce mai zaman kanta. Sai in shiga ƙaramar bas da suke kira mikrobas, in sauka in shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, in sake sauka in taka. Mikrobas ba ta da kwandasta. Na baya ya miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu da hannu har ya kai ga direba, canji kuma ya dawo ta wannan hanyar, ba wanda ke ƙirgawa sau biyu. Wannan ya burge ni. Amma kowace unguwa da alamarta ta yatsu da ake yi wa direba daga bakin titi, ni kuwa a makon farko na kwaikwayi alamar wani mutum ban san inda za shi ba. Sai ga ni a Arba wa Nus, cikin lunguna marasa kwalta, ina tambaya da Larabcina na littafi ana murmushi. Wata 'yar Sudan ta Kudu mai sayar da shayi ce ta bar tukunyarta, ta riƙe mini hannu har bakin motar da ta dace.

A jirgin ƙasa akwai taragon mata. Cike yake maƙil, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ba mai ce maka ina kwana. A gida in ka zauna kusa da mutum ba ka gaishe shi ba, sai a ce ba ka da tarbiyya. A can kuwa na gaishe da wata mata, ta ɗauka wani abu nake roƙo, ta gyara riƙon jakarta. Daga nan na koyi yin shiru. Yara a lungu kan bi ni da kiran "shokolata", wato cakulan, saboda launin fatata, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Ni da ɗalibai ke tashi tsaye in na shiga aji, sai ga ni ina sauri ina sunkuyar da kai.

Abinci dai ba zan yi musu ƙarya ba, ba a kwana da yunwa a Masar. Da safe ful, wato dafaffen wake da mai, da gurasarsu da ake ɗaukowa a kan faifan katako bisa kai, mutum yana tuƙa keke. Ta'amiyya ƙanwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore. Koshari kuwa kamar an tambayi mai girki me za a dafa ya ce duka: shinkafa, taliya, makaroni, wake iri biyu, soyayyar albasa. Duk babu yaji. Ranar da Hajja ta yi mulukhiyya, na kai loma na ce, "Hajja, ai wannan lalo ne!" Ta ajiye cokali. "Lalo," in ji ta a hankali. "Rabona da jin wannan kalmar tun rasuwar innata." Na ɗauko daddawata muka zuba. Maƙwabciyarta Bamisriya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a bututun ruwa.

Shugabar ɗakin binciken ita ce Dakta Samiya, gajeriyar mace mai sauri, kalmarta ɗaya "yalla", wato mu je. Wadda muke teburi ɗaya da ita kuma Marina, Kirista ce, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunta. Sun karɓe ni da mutunci, ba zan ce wani ya wulaƙanta ni ba. Da Turanci ake aiki. Amma da an zauna cin abincin rana sai harshe ya juya, zance ya ɗauki gudu, a yi ta dariya, ni ma in yi murmushi ban san me ake wa dariya ba. Marina takan juyo ta fassara mini, amma barkwancin da aka fassara kamar tuwon jiya ne. Ranar Alhamis da yamma kowa ya kama hanyar gidan iyayensa. Ni in kama hanyar Hayyin Ashir cikin sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa a Afirka ba, sanyi mai laima da ke fitowa daga tayil ya shiga ƙashi.

Saka wa bakteriya umarnin bai ba ni wahala ba, da kayansu komai yana tafiya kamar ruwa. Amma ni na kafa wa kaina sharaɗi: ba zan yi amfani da abin da ba ni da shi a gida ba. Ba firiza, ba babbar na'urar busarwa. Kwalbar ajiye abinci mai murfin roba, da 'yan duwatsun nan masu shan laima, da na'urata ta robar abinci. In an gama gwaji, akan duba sakamako a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. In ɗan layi mai haske ya fito, enzayim ya yi aiki. In bai fito ba, duhu kawai za ka gani. Na Marina, da enzayim ɗin firiza, kullum layi ras. Nawa kullum duhu. Mako ya bi mako.

Rannan Dakta Samiya ta tsaya a kaina ta ce, "Doktora Hagar, lokacinki yana tafiya. Ki ɗiba daga firizarmu, mu sa miki a ƙanƙara ki kai gida, khalas," wato shi ke nan. Na ce, "Dakta, firizar ce na gudo wa." Ta daddaɓa kafaɗata, ta wuce. A wannan satin ne kuma shugaban sashenmu ya kira daga gida. Ɗan ɗakin da aka yi mini alkawari don gwaje-gwajen ɗalibai, wani babba yana so a mayar masa da shi ofis. "Dakta, in kin dawo da abin nunawa, zan iya tsaya miki," in ji shi. "In kuwa takardar shaida kawai kika kawo, kin san yadda abin yake."

Waya da gida ma ba ta rage mini komai ba. Maigidana yana ƙoƙari, amma mutum ne mai gajeriyar magana: lafiya lau, an yi ruwa, an gyara famfo. In na ce a ba Ummi, sai in ji ya ce, "Zo ga Mamanki," in ji takun ƙafarta yana nisa. "Ta fita wasa," in ji shi. Ni kuwa na san takun 'yata, na san ba wasa ta tafi ba.

Da matar Malam Nura ta haihu, na je suna da murnata, na ce yau zan sha Hausa in ƙoshi. Na kuwa sha. An yi waina da miyar taushe, ɗaki cike da matan ɗalibai da 'yan mata masu karatun addini, ana ta "tamam" da "wallahi ya ukhti". Sai wata ta tambaye ni me nake karanta. Na yi bayani daidai gwargwado.  Wata mai niƙabi a ɗage ta ce, cikin ladabi, "Anti, amma wannan ba canza halittar Allah ba ne?" Na ce tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa kaina ita. Na ce mai yin daddawa da mai kwantar da nono duk bakteriya suke sa wa aiki, ni dai na ƙara mata darasi ɗaya ne, don a gane cuta a jinin mara lafiya. Ta ce, "Allahu a'alam." Ba wadda ta yi mini rashin kunya. Zance kawai ya koma kan jarrabawar nahawu da tsadar haya, aka bar ni da farantina. A Giza ina da aiki babu harshe. A nan ga harshe, amma ba wanda zan ce wa gwajina ya ƙi fitowa ya gane zafin abin.

Wata Juma'a da hantsi, muna tsince shinkafa, Hajja ta ce, "'Yata, Nura ya ce aikinki na jini ne da gado. Wai ana duba yawun mutum a faɗi asalinsa."

Na ce akan yi wani abu mai kama da haka.

Ta matso. "To ki duba nawa. Kakana bai bar mana sunan garinsu ba, ko ya bari an manta. Cewa kawai yake garinmu, garinmu. Ina so in san wanne ne kafin in mutu. In Usman ya kira, in faɗa masa, ya faɗa wa 'ya'yansa."

Na daɗe ina juya shinkafa a faranti. Da na ce mata Katsina, ko Haɗeja, ko Gobir, da ta yarda, da ta yi farin ciki, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Hajja, ba zan iya ba. Babu na'urar da za ta faɗa miki sunan gari. Duk wanda ya ce zai iya, yaudararki zai yi."

Fuskarta ta canza. "To mene ne amfanin karatun naki?" in ji ta. Ta tashi ta shige ɗakinta.

Maganar ta zauna mini a ƙirji, don tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum a gaban shuɗiyar fitila. Bayan la'asar na sauka kemis na sayo sifirit, na sa a firjinta ya yi sanyi. Na ƙwanƙwasa mata. "Hajja, garin ba zan iya ba. Amma zo in nuna miki wani abu." Na ba ta ruwan gishiri ta kurkure baki sosai ta zuba a kofin shayi na gilashi. Na ɗiga sabulun wanke-wanke, na juya a hankali, sannan na tsiyaya sifirit mai sanyi ta gefen kofin. Muka kai shi bakin taga. Can sai ga wasu fararen zare siri-siri suna tasowa, suna naɗewa kamar audugar da aka fara kaɗi.

"Mene ne wannan?"

"Shi ne abin da ake dubawa. Naki ne. Rabi daga innarki, rabi daga babanki. A cikin na babanki kuma akwai na kakanki."

Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido.  Sannan ta ce, "Ashe har Masar ya iso. Makka ce dai bai kai ba, bawan Allah." Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta, ni ma na kasa riƙe nawa. Ranar ce kaɗai na yi kuka a gaban mutum a ƙasar nan, kuma ba na ce ga takamaiman abin da nake wa kukan ba.

Matsalar gwajina ba wani babban sirri ba ne. Ni da Marina muka zauna muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, muna canza abu guda a kowane zagaye. Ashe bakteriyar nake cikawa. Saboda tsoron kada ta yi kaɗan bayan bushewa, sai in zuba da yawa, yawan kuma ya shaƙe gwajin, kamar miyar da gishiri ya kashe. Muka rage, na busar da sabon zubi, na bar shi a kabad ya yi makonni kamar yadda zai yi a gida. Ranar da zan gwada ta faɗo daidai da bikin Kirsimetin Kiristocin Masar, wanda suke yi a farkon Janairu, ranar hutu ce, ba kowa a ɗakin sai ni. Na kunna fitila. Ga layi nan, siriri, mai haske, daidai inda ya kamata.

Na juya in kira wani, kujeru kawai na gani. Na kira maigidana, layin yana yankewa. "Ya fito!" nake cewa. "Masha Allah," in ji shi. "Me ya fito?" Sai wayar ta katse. Na kashe fitila, na kulle ɗakin, na taka har gadar da ke kan Nilu. Akwai mai gasa dankalin Hausa a amalanke, na sayi ɗaya mai zafi, na tsaya ina ci ina kallon ruwa, ma'aurata da iyalai suna wucewa ta bayana. Babbar ranar aikina ke nan tun da na fara koyarwa, kuma haka na yi bikinta.

Sauran watannin na maimaita gwajin har na amince da shi. Dakta Samiya ta shirya mini takardun izinin fita da kayan, ta rungume ni ta ce in rubuto mata duk abin da ya faru, ko mai daɗi ko marar daɗi. Marina ta ba ni kwalin ƙananan kwalabe, ta ce na ɗalibaina ne. Ranar tafiya Hajja ba ta sauko ba, ta ce gwiwa. A bakin ƙofa ta cusa mini ƙullin turaren wuta na Sudan a jaka, ta riƙe fuskata ta ce, "Ki gaida ƙasa." Ina sauka ina jin ba ta rufe ƙofar ba.

A gida Ummi ta gaishe ni kamar baƙuwa, da durƙuso da komai. Sai da aka kwana biyu, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji an jingina da bayana. Ban juya ba, muka zauna a haka har na gama. Ɗakin gwajin kuma an bar mini shi, bayan shugaban sashe ya zo da kansa ya leƙa fitila. Ranar da ɗalibaina suka yi gwajin farko da hannunsu, wata daga cikinsu ta ɗago ta ce, "Malama, ashe da gaske ne abin da kike zana mana." Yanzu malamai daga wasu makarantu sun fara zuwa ɗiba, ina ba su kyauta kamar yadda aka ba ni, in koya musu yadda za su yi nasu.

Makon jiya ina cikin kasuwa, wajen 'yan tumatir, waya ta yi ƙara. Hajja ce. Ta ce Usman ya kira, yana nan da rai. Ta ce ɗakina wata 'yar Habasha ce a ciki yanzu, yarinyar kirki, amma ba ta jin ko "sannu". Ina amsawa ina toshe ɗaya kunnen saboda hayaniya, na ce, "Hajja, bari in fita daga kasuwa in kira ki, ba na jin ki sosai."

"A'a, tsaya," in ji ta. "Su wa ke magana haka a bayanki?"

"Mutanen kasuwa ne."

"Duk Hausa suke yi?"

"Duka, Hajja."

"Har yara?"

"Har yara."

 Sannan ta ce, "Ɗaga wayar sama, bitti. Kada ki yi magana."

Na ɗaga. Mai tumatir yana rantsuwa bai ci riba ba, wata mata tana ce masa ya ji tsoron Allah, mai baro yana ihun a ba shi hanya, wasu 'yan mata suna gardama a kan kuɗin mota. Mutane suna wucewa suna kallona, babbar mace da jakar cefane a ƙasa, hannu a sama kamar mai neman sabis. Hannuna ya gaji, na canza ɗaya. Da na mayar da wayar kunnena don in ji ko tana nan, numfashinta kawai na ji, sannan muryarta ƙasa-ƙasa: "Ƙara kaɗan, 'yata."

Na sake ɗagawa.